Abin da Ke Cikin Jininta

Katifar ce ta fara faɗowa tsakar gida, sai zannuwa, sai kwandon kayan jariri. Mai Walda ya tuttula musu kananzir ya ƙyasta ashana. Ina bakin famfo, ina kallo. Bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, na san shi in ya hau.

Matarsa, Mai Ɗinki, tana kwance kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ƙarambau ya kama ta da tsohon ciki, ƙurajen suka bushe, ciwon ya sauka a huhu. Shekaranjiya ta haihu, tun daga nan numfashinta kamar ana jan zarto.

Ya fizge jaririn daga hannun ungozoma, galan ɗin kananzir na ɗaya hannun.

"Ke kika faɗa! Da bakinki kika ce abin da ke cikin jininta ya shiga jikinsa. Wanke shi zan yi."

"Da kananzir? Kanka ɗaya kuwa?"

Ungozoma ta cafki galan ɗin. Ya bangaje ta da kafaɗa, goshinta ya daki ƙafar keken ɗinki, jini ya rufe mata ido.

Na taso na tsaya a gabansa.

"Iya, matsa."

"Ina nan aka yi maganar, ɗana. Rabinta ka ji ka fice. Cewa ta yi jikin matarka ya yi sati uku yana faɗa da ciwon har ya haɗa garkuwa. Garkuwar ce ta bi ta cibiya ta shiga yaron. Buɗe shi ka gani."

Ya ajiye galan, ya warware zanen. Fata luwai-luwai, ko ƙurji ɗaya babu.

"Ƙaton banza," in ji ungozoma, tana danne goshi da gefen mayafi. "Iyakar abin da ta iya ba shi ke nan, shi kake son wankewa?"

Mai Ɗinki ta motsa yatsu. Sai da muka sunkuya muka ji ta.

"Baban yaro... hayaƙin... zai shaƙa."

Ya miƙo mini jaririn, ya ruga da bokiti. Sau huɗu yana zuwa famfo yana dawowa. Kafin ya gama, zarton ya tsaya.

Ungozoma ta shafa mata ido da hannun da ba jini. Shi kuwa ya tsaya da bokiti, ruwa na zuba a ƙafarsa.

Yaron ya juya kai, yana laluben nono a wuyan rigata.