Kaboyi Ya Bar Shanu a Daji

Halliru, dillalin shanu na Djamboutou, bai taɓa taka silima ba. Ya ce wanda ke kwana da saniya me zai yi da inuwarta a bango? Lukmanu ɗan ƙanwarsa ne ya ja shi, ran Lahadi da la'asar. Washegari Lukmanun zai kora masa garke zuwa Ngaoundéré, ta hanyar da ɓarayin shanu suka kashe wan Lukmanun bara.

Fim ɗin kaboyi ne, tsoho tukuf, tun zamanin da silima ke koyon magana, murya kamar kwaɗo a gwangwani. André tela, da ke gefensu, yana juya musu Faransancin.

"An harbe ƙanen mai farar hula," in ji André. "Ya rantse sai ya rama."

Mai farar hula ya zaburi doki, ya bar garke a bakin busasshen rafi. Halliru ya gyara zama.

"Shanun fa?"

"Kawu, kallo ake yi."

"André, nasa ne?"

"Na wata tsohuwa ne, kiwo ta ba shi."

"Amana! Ko ruwa ba su sha ba! Dubi haƙarƙarinsu!"

"Baba, shiga bangon ka shayar da su!" in ji wani daga baya. Aka kwashe da dariya.

Aka yi ta sukuwa, aka yi ta harbi, ko wutsiyar saniya ba a sake nunawa ba. Da mugun ya faɗi, silima ta ɗau ihu. Lukmanu ya haye benci, idonsa jawur, yana dukan ƙirji: "Haka ake yi! Haka!"

Halliru ya daina kallon bango. Lukmanu yake kallo.

A bakin ƙofa ya tare shi. "In ka gamu da ɓarayin nan a hanya fa?"

"Kawu, wana ne."

"Ni ma ɗana ne, da hannuna na sa shi a kabari. Shanu na tambaye ka."

Lukmanu ya sunkuyar da kai.

"Ƙaton banza ya watsar da dukiyar tsohuwa, kuna tafa masa! To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Taura biyu ba ta taunuwa. Gobe yarona Zacharie zai kora garken. Kai da asuba ka same ni a kasuwar kara, ka riƙe igiya tare da ƙananan yara."

"Kawu, a gaban mutane?"

"A gabansu ka hau benci."