Sunan Ɗan Fari

Fankar zauren majalisa tana juyi kamar mai ciwon wuya, Zara'u kuwa tana takure a bencin baya, takalmanta a hannu. Tun da ta shigo take jin Faransanci yana zuba daga bakin magajin gari da konseyoyinsa, wato kansiloli, ba ta tsinci komai ba sai kalma guda, jardan. Ita ma ɗin a rediyo ta koye ta, ranar da aka ce komin, wato ƙaramar hukuma, za ta raba wa samari filayen lambu a bakin tabki don su daina tafiya ci-rani.

Abin da ya kawo ta ke nan. Ɗanta na fari yana Aljeriya yana dakon bulo, damina ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba, bai dawo ba. Ya faɗa wa ƙanwarsa a waya cewa in da zai sami inda zai dasa albasa da rani, ba abin da zai zaunar da shi a ƙasar mutane. Da uwar kuwa gaisuwa ce kawai, don tsakanin uwa da ɗan fari sai kunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron gidan nan". Ranar da ya ɗauki jakarsa ma daka take yi, ba ta ɗaga kai ba, kada a ce ta nuna son ɗa. Har yau wannan dakan yana ci mata rai.

* * *

Zuwanta na farko, mai gadi ya ce an ɗage zama, manya sun tafi biki Tasawa. Na biyu aka bar ta ta shiga, amma aka ja mata kunne cewa talaka na iya saurare, ba ya magana sai an ba shi izini. Ta saurara har la'asar, ta koma gida a amalanken 'yan kasuwa da yunwa da ciwon baya. Matan unguwa suka sa mata suna Madam Konseye. Ta yi dariya tare da su, don mai nema ba ya fushi.

Ladan, konseyen ƙauyensu, wanda ya sha furarta lokacin neman ƙuri'a, kullum sai ya tare ta a bakin ƙofa da fara'a har kunne. Yakan ce ta kwantar da hankalinta, maganar tana hannunsa. Hannun Ladan dai ba a taɓa ganin abin da ya shiga ya fito ba.

Yau ga shi an kai ƙarshen zama, magajin gari ya juya harshe zuwa Hausa, ya ce ko cikin jama'a akwai mai magana. Zara'u ta miƙe. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata, har wani ya duba agogo. Sannan ta ce fili take roƙo, ko da faɗin tabarma ne, saboda yaron gidansu da ke waje.

"To, Inna, mi sunan yaron?" in ji magajin gari.

Ta dubi Ladan. Ya san sunan sarai, shi ya ci naman sunan ma, amma ya duƙufa kan wayarsa. Ta ce ai wancan ne, babban. Dariya ta ɗan zaga zauren, ba ta mugunta ba, kowa ya gane. Magajin gari ya ce da murmushi, hukuma ba ta ba "wancan" fili.

Ta ji kamar an ce ta kwance zane a kasuwa. Sai ta tuna bayan yaron yana fita daga zaure, da taɓaryar da ta ƙi ajiyewa.

"Misbahu," ta ce. "Misbahu ɗiyana."

Magajin gari ya gyaɗa kai, ya ce an ji, za a duba idan lokacin rabo ya yi. Aka shafa fatiha, aka fara tattara kujeru.

* * *

Ba ta jira amalanke ba. Ta bi ta bakin tabki da ƙafa, tana so ta ga wurin da idonta, ta sami abin da za ta sa ƙanwar Misbahu ta faɗa masa. A hanya tana ta juya sunan a baki, tana mamakin daɗinsa.

Da ta hau tudu sai ta tsaya. An zagaye bakin tabkin da waya tun daga tsamiya har gangare, an yanka shi fangali-fangali, injin ban-ruwa yana ta tari. Albasar ta kai tsawon yatsa, kore shar. Wannan ba shukar jiya ba ce, ko ta shekaranjiya. A fangalin farko ta gane ƙanin matar Ladan, yana wanke ƙafa.

Wani mai ban-ruwa ya matso kusa da wayar, ya gaishe ta, ya tambayi wa take nema.

"Misbahu," ta ce, karo na biyu ke nan a rayuwarta da ta kira sunan a gaban mutane.

Mutumin ya waiga, ya bi fangalan da kallo har ƙarshensu.

"Babu mai wanga suna nan, Inna."