Agogon Kalla

Na riga na taka fikafikan kazar, wuƙa na hannuna, sai muryar Kalla ta fito daga ɗaki.

"Malam Sha'aibu, dakata. Kira min Ridwan shi yanka."

Shekara talatin muna katanga ɗaya a Buza, ni ke yi masa yanka: kaza, ragon suna, ragon Layya. Kalla bai taɓa sa wa dabba wuƙa ba. A kasuwa ana yi masa ba'a, wai mutumin da ke ɗauke dutsen da ƙarti biyu suka kasa, amma jinin zabo na juya masa baya. Dariya kawai yake yi. Yanzu ciwon ciki ya kwantar da shi, likita ya ce a mai da shi gida.

Ridwan ɗana ne na uku. Ya yi shekara huɗu yana aikin gini a Aljeriya, rana ɗaya aka kwashe su a kamyo, babbar motar kaya, aka zube a hamada, aka nuna musu kudu da yatsa. Ya dawo da rigar jikinsa. Abokansa na shan shayi suka sa masa suna Alhajin Aljeriya, kullum suna tambayarsa tsaraba. Sai ya bar zama da su, ya koma zama da Mahfuzu, wani mai moto, wato babur, da ke zuwa daga wajen iyaka. Ya bar bin limaminmu. Daga baya ya bar cin yankana. Uwarsa ta ga jaka a ɗaure ƙarƙashin gado, ta kuma ji da kunnenta cewa ranar Alhamis bayan azahar Mahfuzu zai kai shi daji, wurin masu bindiga. Ranar da nake faɗi Talata ce.

Ni mai gyaran rediyo da agogo ne a bakin tasha. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, sauran ni na koya wa kaina. Na yi wa yaron nan jayayya da duk abin da na karanta. In na kawo aya ɗaya, sai ya ciro biyu daga wayarsa.

Ridwan ya zo, ya karɓi wuƙar ba tare da ya dube ni ba, ya yanka.

"To, yankanka na," in ji Kalla. "Sai ka zamna mu sha romo, ko shi ma haramun na?"

Ridwan ya zauna a bakin tabarma. Da aka kawo romon Kalla ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wani gwangwani. Na san abin da ke ciki kamar yunwar cikina: tsohon agogon hannu na wani, mai tsagaggen gilashi. Sau goma sha ɗaya na wanke masa ciki. Ban taɓa ganinsa a hannun Kalla ba.

"Agogon ga ba nawa ba na," ya ce. "Ina da shekara ashirin na tahi cin rani Kano, ina saida ruwa. Wata rana na watsa ma wani mai mota ruwa ga takalmi. Ya mare ni, ya sa na duƙa na goge da rigata, mutane na dariya. Da marece ina zamne bakin kwata, wani ya dafa ni ya ce, ɗan'uwa, mi sunanka? Wata biyar ina garin ba wanda ya tambayi sunana. Ga-ruwa, ga-ruwa, shi ke nan. Ya kai ni wurin malaminsu, anka ba ni tuwo. Anka ce mu kaɗai ne Musulmi, masu mota da rediyo da agogo duk 'yan wuta. Ka san daɗin da na ji? Wanda ya mare ni ɗan wuta, ni ɗan aljanna. Fatiha ma ban iya ta daidai ba."

"Waɗancan jahilai ne, Baba," in ji Ridwan. "Mu da dalili muke aiki."

"Mu ma dalili gare mu, tuli. Zuciya ka fara tahiya, ɗiyana, dalili shi biyo ta da gudu."

Ya numfasa. Rabi, matarsa, ta zo ɗaukar kwano ta tsaya a ƙofa.

"Ranar da faɗa ya ɓarke tsakaninmu da mutanen gari na rutsa wani tela cikin lungu. Ba shi ya mare ni ba, ban taɓa ganinai ba. Agogo na gani ga hannunai. Shina faɗin La'ilaha illallahu, ni ma ina faɗin La'ilaha illallahu. Kalma guda bakinmu, wuƙa hannuna."



"Na cire agogon don in fasa shi. Sai da na kawo Ƙonni na iske shi aljihuna, shina tahiya. Ka ji ni da kyau, Ridwan. Da Kirista na ya tambayi sunana ran nan, ya ba ni tuwo da wuƙa, Musulmi zan tahi nema. Tun sannan kullum sahe in wana agogon, in roƙa ma mai shi rahama. Ni da anka saye da tambayar suna, ban tambayi nashi ba."

Rabi ta juya ta dubi jinin kazar da ƙasa ba ta gama shanyewa ba. "Ashe shi ya sa," ta ce, ta zauna a kan turmi.

"Kai za ka wanke ni," Kalla ya ce wa Ridwan. "Ba liman ba, ba ubanka ba."

"Baba, tafiya gare ni Alhamis."

"Na sani. Ni ma."

Ranar Laraba na kasa gyara komai. Na zauna da rediyon wani a buɗe gabana ina juya abin. Shekaru ina jin labarai: mabiya wannan addini sun ƙona gidajen mabiya wancan a Indiya, a Bama, a Bangi, kowa da littafinsa ko gunkinsa a hannu. Na taɓa cewa jahilci ne, sai na ga masu digiri a ciki. Na ce talauci ne, amma duk Adar talakawa ne, ba mu yanka juna ba. Ban taɓa kawo mari a lissafina ba, ko kwanon tuwo. Sannan ga abin da ya fi damuna: hannun da ya yi wannan aiki shi ya ɗauki 'ya'yana ranar suna, shi ya jera mini duwatsun tare ruwa a gona shekarar da na karye. Na rasa inda zan ajiye mutumin a zuciyata. Shi kuwa shekara arba'in da 'yan kai yana kwana da kansa yana tashi.

Alhamis da hantsi kuka ya tashi a gidan Kalla.

Kafin azahar moton Mahfuzu na tsaye ƙarƙashin itacen bedin bakin unguwa. Ridwan ya fito daga gidana da jaka a kafaɗa. Uwarsa na bayan zana, na ji numfashinta.  Sai ga Rabi ta fito da ƙwarya, sabulu da ganyen magarya a ciki. Ta ajiye a gaban ƙafafunsa, a tsakiyar hanya.

"An ɗumama ruwan," ta ce, ta koma.

Ya tsaya yana duban ƙwaryar. Sannan ya rataye jakar a kan dangar gidan, ya ɗauki ƙwaryar.

Ni na zuba masa ruwa. Abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci ba a faɗi, ba zan faɗa ba. Abin da zan iya cewa, da ya zo hannun dama ya daɗe. Ya wanke yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe tafin ya duba, ya sake wankewa.

Ƙasarmu dutse ce, kabari ba ya haƙuwa da sauri. Masu haƙa sun ci karo da fa, shimfiɗaɗɗen dutse, tun suna iya gwiwa. Ridwan ya tuɓe riga ya karɓi dagi ya shiga. Azahar ta yi, ta wuce. Mahfuzu ya turo motonsa har bakin maƙabarta.

"Ɗan'uwa," ya kira, "rana na tafiya."

Na ga bayan Ridwan ya ƙage da jin kalmar. Bai ɗago ba.

"Ban ƙare ba," ya ce, ya sake kai wa dutsen sara.

Da aka kawo gawar muka yi sahu. Liman ya yi kabbara, na ji kafaɗar Ridwan ta taɓa tawa, da gumi da ƙasa. Muna cikin kabbara ta uku moton ya tashi. Ƙararsa ta bi hanyar kudu tana raguwa har ta ɓace a bayan tudu.

Ban san ko Mahfuzu zai dawo wata Alhamis ba. Ban tambayi yaron komai ba.

Juma'a da safe ina shimfiɗa kayan aikina a bakin tasha sai inuwa ta rufe teburin. Ridwan ne da gwangwanin Kalla.

"Inna Rabi ta ce in riƙe. Amma ya tsaya, Baba. Ko ya lalace?"

"Lafiyarsa lau. Jiya ba wanda ya wana shi."

"Yaya ake yi?"

Na nuna masa ɗan kan da ke gefe. Na ce ya murza a hankali, in ya ji tauri ya bari. Yatsunsa duk kanta ta fashe saboda dagi, sai da ya gwada sau uku ya kama. Ya tambaye ni ƙarfe nawa, na faɗa masa, ya daidaita.

Motar Madawa na lodin albasa, masu shayi na kiran ciniki. Ya zauna a bencin masu jiran gyara, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya kara agogon a ɗayan.