Hutun Madan Luba a Tailan

Shekara ashirin da uku Lubabatu ta yi tana koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kolej a Dogon Dutsi, amma iyakar nisan da ƙafarta ta taɓa kaiwa shi ne Yamai, sai Birnin Kabi sau ɗaya da aka yi bikin wata ƴar ɗakinsu. Mijinta Alhaji Nafi'u ɗan kasuwa ne. A da can, kafin ƴan kasuwa su juya zuwa Dubai da Sin, Bankok, babban birnin Tailan, yake zuwa sarin takalma da yadi. Sau tara ya je. Duk lokacin da ya dawo ta tambaye shi yadda ƙasar take, amsarsa guda ce: zafi kamar na gida, sai dai da ruwa, kuma sun iya dafa shinkafa. Da ta gaji sai ta daina tambaya.

Shi ya sa ranar da ya yi maganar, cikin zafin watan Mayu, bayan sun gama abincin rana, ta ɗauka wasa ne.

"Luba, in an yi bakans bana, an rufe makaranta, ki shirya mu tahi Tailan."

"Mu tahi? Ni da wa?"

"Ni da ke mana. Hutu. Ba ki ce ba ni kai ki ko'ina ba?"

Ta dube shi tana jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce ƙanensa Illo zai kula da biza da tikiti, ita dai ta je Yamai ta yi fasfo, sauran kuma ta tsara yadda take so. Kwana ashirin za su yi.

Washegari ta sayi sabon kaye, littafin rubutu mai bango ja. Ta raba shi kwana-kwana kamar yadda take shirya darasi. Da ta dawo daga aiki sai ta zauna gindin dogon yaro da waya a hannu, tana karantawa tana rubutawa. Rana ta farko hutawa, saboda bambancin awa shida. Ta biyu kogin da ya ratsa Bankok, cikin jirgin ruwa. Ta uku kasuwar da mata ke sayar da abinci daga cikin kwale-kwale. Ta nemo unguwannin Musulmi da wuraren cin halal, ta rubuta sunayen masallatai huɗu. Da ta ga cewa watan Yuli damina ce a can ma, sai ta sake tsarin gaba ɗaya, ta mayar da yawo da safe, tun da ruwan ya fi sauka da yamma. Mako na biyu ta ware shi don kudu, bakin teku, inda duwatsu ke tsaye cikin ruwa. Shekaru tana zana wa yara wannan gaɓar a allo, ba ta taɓa ganin teku ba.

In ta karanta wa Alhaji abin da ta tsara, sai ya jingina da bango ya lumshe ido ya ce, "Ya yi. Allah shi kai mu." Bai taɓa cewa a cire ko a ƙara ba. Ta lura ya rame, ya kuma daina cin nama, amma da ta yi magana ya ce zafi ne da zirga-zirgar Yamai, ta yarda.

A ɗakin malamai kuwa babu wanda bai ji labarin ba. Wadda ta fi sha ita ce Karima, malamar lissafi, aminiyarta tun suna ƴan mata, wadda mijinta ma'aikacin jinya ne a gidan likitan gari. Luba ta nuna mata hotunan teku, ta nuna mata ɗinki biyar da ta ba tela, har da wata doguwar riga ruwan bula da ta ce ita za ta sa a bakin ruwa. Karima takan ce, "Masha Allah, Allah shi sa ku tahi lahiya," sai ta sauya zance. Luba ta ɗauka ɗan kishi ne irin na ƙawaye, har ta yi alkawarin kawo mata jaka. Da ta je Yamai yin fasfo da allurar shawara, ta sauka gidan ƴarta Mubarika. Ranar da za ta dawo yarinyar ta rungume ta a tasha ta yi ta kuka. Luba ta ce a ranta cikin da take ɗauke da shi ne ke sa ta haka.

Saura kwana goma su tashi, da hantsi, tana ɗaki ta baje kaya kan gado, sai ga sallamar Sahura, yayar Alhaji, daga Dumega. Tsohuwa ce mai faɗin abin da ke ranta, ba ta cika zuwa gari ba. Ta sauka daga kabu-kabu ƙafafunta duk laka. Bayan gaisuwa da shan ruwa ta kwance ƙullinta, ta fito da sassaƙe, da wani gari cikin leda, da rubutu cikin gora.

"Wanga ki jiƙa mai da ruwan ɗumi. Amma ba yanzu ba, sai bayan sun yi aikin, in ya fara cin abinci. Rubutun kuwa ki ɓoye shi cikin kaya, kar ƴan jirgi su zubar."

"Wane aiki, Yaya?"

"Aikin da za su yi mai mana. Yankan."

Luba tana riƙe da rigar nan ruwan bula. Ta ajiye ta a hankali.

"Wa za a yanka?"

Sahura ta ɗago ta dube ta sosai. Sai ta kama baki.

"La ilaha illallahu. Luba, ba ki sani ba? Ni na ce ko tawakkali ne ya sa kike ta hidima haka. Ai mu can Dumega tun kahin azumi muke roƙo."

Luba ba ta yi kuka ba. Ta ce wa Sahura ta huta, akwai abinci a kwano. Ta ɗauki lulluɓi ta fita da takalmin wanka a ƙafa, ba ta ko lura ba sai da ta kai bakin kasuwa.

Ba ta saba zuwa kantin mijinta ba, don haka da Illo ya gan ta ya miƙe tsaye. Da ya ga fuskarta sai ya ce bari ya duba wani abu a tasha, ya fice. Alhaji yana zaune bayan tebur, ga kofin shayi da bai taɓa ba.

"Yaya Sahura tana gida," ta ce. "Ta kawo maganin da za a ba ka bayan an yanka ka."

Ya ture kofin shayin gefe. Sannan ya ce ta zauna. Ta ƙi.

"Likitan Yamai ya ce akwai abu cikin hanji. Ciwon daji. Tun watan Maris. Abdussalamu, abokina da ke zaune Bankok, shi ya samo likita can."

"Su wa sunka sani?"

"Illo. Yaya. Yaran."

"Yarana? Mubarika da Kamal?"

"Mubarika ce ta raka ni awo."

"Karima fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Mijinta ne ya fara duba ni."

Nan ne ta zauna. Ta tuna kanta a ɗakin malamai tana zagayawa da waya tana nuna hoton teku, ta tuna yadda kowa ke murmushi yana kauda ido.

"Sai yaushe za ka hwaɗa mini?"

"In mun sauka."

"In mun sauka. A ƙasar da ba ni da kowa, ba ni jin magana tasu."

"Luba, da na ce miki hutu, niyyata in hwaɗi gaskiya bayan kwana biyu. Sai na ga yadda kike murna. Tun da muka yi aure ban taɓa ganinki haka ba. Na ce bari in bar ki ki ji daɗinki."

"Daɗina? Wata biyu, Alhaji. Wata biyu ina yawo cikin gari kamar mahaukaciya, ina ɗinki, ina zancen kwale-kwale, mijina yana mutuwa, kowa ya sani, har mutanen Dumega. Kai ne ka samu wata biyu ba mai yi maka kuka a gida. Kar ka ce don ni ne."

Bai musa ba.

"Sau tara ka tahi ƙasar nan da ƙahwarka, da lahiyarka. Ba ka taɓa cewa Luba zo mu tahi ba. Sai yau da kake buƙatar mai riƙe maka tasa."

"Tsoro nike ji," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In na hwaɗa miki, ya zama gaskiya."

Ta dubi hannuwansa a kan tebur, zoben azurfarsa ya yi masa yawa har ya naɗe shi da zare. Ta ji tausayinsa ya taso mata, ta kuma ji haushin tausayin. Wani mai saye ya leƙo ya yi sallama. Ta tashi ta fita.

Da la'asar ta kwashe sababbin ɗinkunan daga akwati ta jefa su saman sif. Ta zuba tsofaffin zannuwa masu sauƙin wanki, da filas, da garin kunu, da ƙullin Sahura. Karima ta zo kwana biyu bayan haka, ta tsaya bakin ƙofa tana murza hannu, ta ce amana aka ba mijinta, ita ma rantsar da ita aka yi. Luba ta ce, "Na ji. Gaishe da gida." Ba ta ce ta shigo ba. Mubarika ta kira sau shida kafin ta ɗauka.

Sun tashi ranar da aka sa. Kwana goma sha tara suka yi a Bankok, goma sha shida a hawa na goma sha ɗaya na wani babban gidan likita. Ranar da likita ya kira su bayan aiki, Abdussalamu ya ce mata ta jira a waje, zai zo ya gaya mata. Ta wuce gabansa ta shiga ta zauna.

"Malam Abdussalamu, duk abin da ya hwaɗi ka juya mini shi yadda yake. Ina jin Turancin Ingilishi kaɗan. In ka rage, zan gane."

Bai rage ba. Likitoci sun buɗe, sun ga abin ya bazu har hanta, sun cire abin da ya ciru don ya samu ya ci abinci. Su koma gida ya fi.

Abin da ta gani na Tailan ta taga ta gan shi: jirgin ƙasa da ke bi ta saman titi, da rufin gidaje, da ruwan sama da ke sauka kusan kullum da yamma, daidai yadda ta karanta. Rana ɗaya Alhaji ya matsa mata ta fita, har ya ce in ba ta je ba ba zai sha magani ba. Matar Abdussalamu ta kai ta bakin kogi. Ruwan ja ne, cike da ciyayi, kamar kogin Yamai da damina. Matar ta ce su shiga jirgin ruwa. Luba ta ce a'a, lokacin kununsa ya yi. Ko awa ɗaya ba su yi ba.

Sun dawo Dutsi gero ya fara fidda kai. Ta yi jinyarsa wata uku, ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka, ba ta bar wa kowa ba. Maganarsu ba ta wuce ta magani da abinci. Ba faɗa suke ba, amma abin da ta faɗa a kanti yana nan tsakaninsu, ba ta janye ba, shi ma bai nemi ta janye ba.

Wata Talata bayan an gama yankan hatsi, da azahar, ɗakin cike da dangi, Sahura da Illo da yaran duk suna nan, ya sa aka matso da ita kusa. Da ƙyar maganar ke fita.

"Luba, kin yahe mini?"

Duk ido ya dawo kanta. Mubarika tana shesshekar kuka. Sahura ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Na yahe," ta ce.

Aka yi ta Alhamdu lillahi. Kafin la'asar ya cika.

Ranar sadakar uku, mata na zaune tsakar gida, Sahura ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ke dai Luba sai godiya. Mijinki ya so ki, har bangon duniya ya kai ki kahin ya tahi." Mata suka ce gaskiya ne, ba kowace mace ke samun haka ba. Luba ta ci gaba da jan carbinta.

Ta yi takabarta ta gama, ta koma aiki. Tana yi masa addu'a bayan kowace salla, ba ta taɓa fashi ba. Sai dai har yau, in ta tuna kalmar da ta faɗa masa a gaban mutane, ba ta san ko gaskiya ta faɗa ba, kuma babu wanda ta amince da shi da za ta tambaya.