Gonar Bayan Rijiya

Ran da taraktocin gwamnati suka iso garin Ain Sedra don tumɓuke kurangar inabi a shuka alkama, Odile Roque tana tsaye a ƙofar gidanta da buta a hannu. Shekarunta sittin da uku, kuma ita kaɗai ce ta rage a nan daga zuriyar mutumin da ya kafa garin. Sauran duk sun hau jirgin ruwa zuwa Faransa shekarar da Aljeriya ta sami 'yanci. Ita ta ƙi tafiya, domin ungozoma ce, rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya.

Kakanta Anselme ya zo ne da iyali goma sha biyu da takardar soja wadda ta ba shi kwarin gaba ɗaya. Ya gina coci, ya haƙa rijiya, ya haifi 'ya'ya bakwai, aka sa wa garin sunansa, sai bayan 'yanci aka sauya shi. Mutanen da ya tarar a wurin kuwa aka kore su zuwa kan dutse. A gida cewa ake yi daji ya samu, babu kowa sai diloli.

Odile ta san ba haka ba ne. Tana 'yar shekara goma sha biyu tsohon ya kai ta gonar bayan rijiya, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kada ki taɓa bari a zurfafa garma a nan," in ji shi. "Maƙabartarsu ce. Ni na baje ta, duwatsun kuma na sa a katangar gida. Kin ji, kin haɗiye."

Ta kuwa haɗiye, har shekara hamsin da ɗaya.

Abin da ya fi cin ranta shi ne Mbarka, aminiyarta tun suna 'yan mata. Lokacin da mahaifiyar Mbarka take jinyar ajali, ba ta da magana sai a binne ta kusa da mahaifinta, wanda aka binne a kwarin tana ƙarama. Mbarka ta zo har ɗakin haihuwa ta tambayi Odile ko a gidansu an taɓa faɗar inda tsohuwar maƙabarta take. Odile tana wanke hannu, ba ta ko juyo ba ta ce ba ta sani ba. Tsoron nata mahaifin ta ji, da tsoron a ƙwace gonar. Aka binne tsohuwa a kan dutse.

Yanzu ga tarakta, garmarta tana shiga ƙasa har gwiwa. Odile ta ajiye butar, ta nufi gidan Mbarka. Ta same ta a tsakar gida tana murza kuskus a babban akushi.

"Lale da 'yar Nasara," in ji Mbarka tana dariya. "Kin zo kukan giyar kakanki? Zauna ki sa hannu, ko yau ma yatsun na ciwo?"

Odile ta zauna, amma ba ta sa hannu ba.

"Yaushe za su kai gonar bayan rijiya?"

"Lakhdar ya ce jibi." Lakhdar ɗan Mbarka ne, shi ke shugabantar gonar haɗin gwiwa.

"Ki ce masa kada su taɓa ta. Mutanenku suna kwance a can. Kakanki ma yana ciki."

Hannun Mbarka ya tsaya a cikin akushin.

"Wa ya gaya miki?"

"Kakana."

"Ai kakanki ya mutu tun kafin a yi mini aure."

"Haka ne."

Mbarka ta karkaɗe garin da ke tafinta a hankali, ta dube ta sosai.

"To ran da na zo miki Inna tana kwance, kin sani ke nan."

"Na sani."

"Kin zo gaisuwa, kin ci abincin sadakarta, kin riƙe ni ina kuka."

Odile ta buɗe baki za ta ambaci mahaifinta, sai ta ga babu amfani. Mbarka ta ja mayafi ta fita neman ɗanta, ta bar ta zaune da kaji suna tsattsagar kuskus.

Washegari da hantsi Odile ta shiga gaba, Lakhdar da dattawan gari suna biye. Ta nuna musu daga bakin rijiya har gindin tsohon zaitun. Suka tona gefe ɗaya da hannu, ba su yi nisa ba suka ga abin da ya sa suka mayar da ƙasar da sauri. Liman ya yi addu'a. Babu wanda ya zage ta. Da sun zage ta ma da ta fi jin sauƙi.

"Akwai saura, Madam?" Lakhdar ya tambaya. Da can Inna yake kiranta, don ita ta yanke masa cibiya.

"Duwatsun kaburburan suna katangata, ɓangaren gabas. Ku zo ku cire."

Kwana uku suna rushe katangar. Wasu duwatsun da rubutu a jikinsu, an juya fuskarsu ciki an shafe da farar ƙasa. Mbarka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tare da liman, amma ba a sami sunan kakanta ba.

Aka kewaye gonar da waya, alkama ta tsaya daga bakin rijiya. Odile ba ta sake tayar da katangarta ba, awaki suka riƙa shiga suna cinye mata na'ana'a. Ta rubuta wa ƙanenta a Marseille duk abin da ya faru. Ya amsa da layi huɗu, ya ce tsufa ya fara taɓa ta, Kaka daji ya samu.

Mbarka ba ta yanke gaisuwa ba. In sun haɗu a kasuwa takan tambayi lafiyarta da ciwon yatsunta, ranar Idi kuma takan aiko da nama. Sai dai ba ta sake taka gidan Odile ba, ita ma Odile ba ta taɓa samun ƙarfin cewa ta shigo ba. Haka suka zauna shekara takwas, titi ɗaya tsakaninsu, har Mbarka ta rasu. Bisa wasiyyarta aka binne ta a gonar bayan rijiya. Odile ta tsaya daga wajen waya har aka watse, sannan ta koma gida.