Kotun Da Bai Shiga Ba

Maigidana ya fara aikin lauyan gwamnati tun kansa baƙi wuluk, ya yi ta hawa har ya zama Babban Lauya, wanda duk ƙarar da ta shafi gwamnati sai ta bi ta teburinsa. Mutum ne mai taurin kai a kan ƙa'ida, in faɗi gaskiya har abin ya yi yawa. Ƙanena ya taɓa kai wata ma'aikata ƙara a kan fili, daga ranar maigida ya daina zama falo ɗaya da shi sai da aka yanke hukunci. Na yi fushi, na yi gaba, da na ga ba mai lallashina na sauko don kaina.

'Yarmu ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tun tana 'yar mitsitsiya take satar hular gashinsa ta kotu, ta hau kan tebur ta ɗaure ƙannenta a bayan labule saboda sun shanye mata shayi. Shi kuma ya miƙe ya rusuna, wai yana roƙa musu sassauci. Kyan ɗa ya gaji ubansa, ta karanta shari'a, a kwana a tashi aka naɗa ta alƙali a babbar kotu.

To, daga nan ƙa'idar ta faɗo cikin gidana. Ƙafarsa ba ta taɓa taka kotunta ba. In ƙarar gwamnati ta faɗa gabanta, ya sa a mayar wa wani alƙali. Wannan na gane. Amma ko leƙawa?

Na ce masa, "Ba cewa aka yi ka yi magana ba. Ka zauna a bencin baya ka ga 'yarka."

Ya ce, "Wanda ya kawo ƙara zai waiga ya ga Babban Lauyan gwamnati, uban alƙali. Ko ta yi masa adalci, da wace zuciya zai koma gida?"

'Yar tamu kuwa kullum cikin tsokana take tambayarsa yaushe zai zo kotunta, amma ni uwa ce, na san ba wasa take yi ba. Amsarsa ɗaya: "Bari in ajiye aiki, Uwata. Ranar sai kin gaji da ganina."

Ya ajiye aikin, mantuwa ta karɓe shi. Da fari makulli ne da tabarau. Daga baya ya koma saka kwat da safe yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran direban da ya daɗe da barin mu. Ni wata rana matarsa ce, wata rana magatakarda. 'Yar tamu kuwa ta ɓace masa gaba ɗaya. Sai ta durƙusa ta gaishe shi, ya dube ta da fara'ar baƙi ya ce, "Sannu, baiwar Allah, wa kike nema?" Ta amsa da murmushi, ta shige kicin ta kunna famfo don kada in ji kukanta. Ina ji sarai.

Rannan ta ce, "Mama, ki kawo shi kotu."

Na ce, "A yi me? Mutumin da bai san sunan titin gidansu ba?"

Ta ce, "Ko bai gane ni ba, ya dai gan ni a kan kujerar. Ya yi min alkawari."

Na goge masa baƙar kwat ɗinsa, na kai shi. Muna shiga harabar ya zama wani mutum daban. Wanda nake jan hannunsa a gida, ga shi gabana yana taku ƙwas-ƙwas. Matasan lauyoyi suna ta "Ranka ya daɗe", har ya tsayar da ɗaya ya gyara masa farin ƙyallen wuya, ya ce ba a shiga gaban alƙali a karkace. Yaron ya yi tsuru-tsuru.

Muka isa ƙofarta, ɗan sanda ya buɗe mana a hankali. Fanka na juyawa, benci cike da mutane, wani lauya na ta zuba. Tana can sama cikin baƙar riga, kanta a sunkuye tana rubutu, tabarau ya zamo mata kan hanci irin nasa sak.

Ya tsaya cak. Na ja hannunsa, ya ƙi motsi.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Uwata ce."

Rabon da in ji sunan nan a bakinsa har na fidda rai. Na ce, "Ita ce. Mu shiga."

"Ba zan shiga ba. 'Yata ce."

"Ka ajiye aiki, Baban yara. Yanzu ba ruwanka da gwamnati, ba wanda zai ce komai."

Ya dube ni kamar na zo masa da cin hanci. "Ki gaya wa magatakarda a mayar da ƙarar gaban wani alƙali." Ya ja baya, ya rusuna wa kotu, ya jawo ƙofar da kansa don kada ta yi ƙara. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba.

Wallahi na so in tura shi ciki da ƙarfi. Na ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba, kuma tausayinsa ya hana ni ko da ɗaga murya. Muka zauna a bencin baranda. Yana ta murmushi shi kaɗai, ya ce, "Kin ga ba ta katse lauyan ba? Ta bar shi ya gama. Ni na koya mata." Na aika ɗan sandan da saƙo wurinta, ya dawo ya ce ana tsakiyar jin shaida, ba za ta tashi ba. 'Yar ubanta ce.

Ina zaune ina kallon hasken ganewar nan yana janyewa daga fuskarsa kaɗan-kaɗan, ina ta maimaita masa sunanta. Can ya tambaye ni ko direba ya iso.

Da aka tafi hutu ta fito da sauri, ko rigar ba ta cire ba. Yana ganin baƙar riga ya miƙe, ya ɓalla maɓallin kwat, ya rusuna. "Barka da fitowa, Mai Shari'a."

Ta juyo gare ni. "Mama, ya shiga?"

Na ce, "Bai shiga ba."

Ta gyaɗa kai, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Ya ce ba zai shiga ba, 'yarsa ce a sama. Ya kira sunanki."

Ta daɗe tana kallonsa, shi kuwa yana tsaye, don ba a zama alƙali na tsaye. Sai ta zauna a bencin domin ya samu ya zauna.