Ƙafar da Bouakeo Ta Gane a Vientiane

Bouakeo ba ta taɓa wuce kasuwar gundumarsu ba sai da ta haura hamsin. Masaƙiya ce a wani ƙauye na bakin kogin Ou, can arewa cikin duwatsu, kuma da abubuwa sun tafi daidai, a nan za ta tsufa ba ta san kalar babban birni ba. Amma mijinta Oudone da ɗansu tilo, Khamphet, wanda ake ce wa Phet, sun tafi Vientiane aikin gini tun kafin damina, kuma tun da aka girbe shinkafa ba ta sake jin muryar yaron ba. Uban ya ɗan jima yana kira, yana cewa Phet na can saman gini, ko ya yi barci, ko ya fita da abokai. Daga baya shi ma wayarsa ta daina shiga. In ta kira ƙanwarta Sengdao, wadda ke sayar da kwaɗon gwanda a birnin, sai ta ce, "Lafiyarsu ƙalau, Yaya," ta juya zance kan tsadar barkono.

Da zafi ya kankama, bikin sabuwar shekara ya matso, Bouakeo ta rufe masaƙarta, ta ƙulle busasshiyar gansakukar kogi mai riɗi irin wadda Phet ke so, ta hau mota.

Ta zaci za ta tarar da gari mai hayaniya kamar na talabijin. Sai ta sauka da tsakar rana ta iske faffaɗan tituna kwance cikin zafi. Masu adaidaita sun ɗaura ragar kwanciya a bayan kekunansu suna sharar barci, karnuka sun miƙe a ƙofofin haikali, ko masu mota ba sa danna hon. Da tambaya ta kai rumfar ƙanwarta.

Sengdao ta saki taɓarya a cikin turmi, ta tsaya tana kallonta.

"Yaya, haka ake yi? Ki taso daga bayan duniya ba ko waya?" Ta rungume ta, ta ja baya tana dariya. "Dubi zanenki. Ki yi hankali kar Turawa su saye ki da shi su kai gidan tarihi."

"Ina Phet?"

"Zauna tukuna. Kin bushe kamar sandar gora. Barkono nawa zan sa miki, ko tsufa ya hana ki cin yaji?"

"Sengdao, ina ɗana?"

"An canza musu wurin aiki. Kin san masu gini, yau nan, gobe can." Ta koma kan turmi, ta zuba daddawar kifi, ta shiga daka da ƙarfin da ba ya barin a ji magana.

Washegari Bouakeo ta sulale ita kaɗai ta nemi ginin da Oudone ya taɓa kwatanta mata, wani dogon otal a kusa da kogi. An gama shi, har an dasa furanni a gaba. Mai gadi ya haɗa tafukan hannu ya gaishe ta da ladabi, ya ba ta kujerarsa, ya kawo mata ruwan sanyi. Da ta ambaci sunan mijinta da na ɗanta, sai ya shiga gyara madaurin agogonsa.

"Ma'aikata suna da yawa, Inna. Wasu su zo, wasu su tafi."

"Ɗana dogo ne, yana da wushirya. In yana aiki waƙa yake yi, ba ya rufe baki."

"Ba ki da dangi a garin nan?"

"Ina da ƙanwa."

"To, ki tambaye ta, Inna," in ji shi a hankali. "Ya fi kyau ki ji daga naki."

Ta fito. Ta bi titin bakin kogin Mekong ba ta san inda ta nufa ba. Ruwan ya janye can nesa, ya bar filin yashi fari fat. Duk wanda ta yi ido biyu da shi sai ya yi mata murmushi, ya kauce mata a hanya. Da wani ya bangaje ta ko ya daka mata tsawa, da ta sami wanda za ta yi wa ihu. Babu. Ta zauna a kan dakalin siminti har rana ta yi ja a kan ƙasar Thailand, can ƙetaren kogin, mata suka taru suna motsa jiki da kiɗa, sannan ta koma.

Ta tarar da Sengdao ta jiƙa shinkafa mai danƙo cikin babbar roba.

"Gobe da sassafe za mu fita ba sufayen haikali sadaka," in ji Sengdao, ba ta ɗago ba.

"Sadaka na zo yi? Na je wurin ginin. Mai gadi ya ce in tambaye ki."

"Ki bar ni zuwa gobe, Yaya. Bakina ba zai iya ba. Ki bar ni zuwa gobe kawai."

Gari bai gama wayewa ba suka shimfiɗa tabarma a bakin titi, kusa da wani ƙaramin haikali na bayan kasuwa. Suka saɓa gyale a kafaɗa, suka durƙusa, kowa da kwandon shinkafarta mai tururi. Can sai ga sufaye sun jero cikin mayafansu ruwan goro, ba takalmi, ba magana. Bouakeo ta sunkuyar da kai yadda uwarta ta koya mata, tana ɗebo loma tana sakawa a kwanon kowane sufi, ƙafafu kawai take gani suna wucewa. Ta tsoho mai kaushi, ta matashi, ta wani mai tabon ƙuna. Sai wata ƙafa ta tsaya a gabanta, babban yatsanta ba farce, a tsage biyu. Gizago ne ya sare shi shekarar da suka gina rumbu. Ita da kanta ta ɗaure shi da tsumma, tana yi wa mai shi faɗan ganganci.

Hannunta ya tsaya a sama da lomar. Ta yi abin da mace ba ta yi, ta ɗaga kai ta kalli fuskar sufi. An aske kan ƙwal, har da gira, kumatun sun zurma, amma Oudone ne. Bai dube ta ba. Idonsa na kan bayan wanda ke gabansa, kwanon a buɗe a hannunsa. Na bayansa yana jira. Ta saki shinkafar a ciki, layin ya wuce.

"Shi kaɗai na gani a layin," in ji ta, bayan sun sha kwana. "Ina yaron?"

Sengdao ta kife kwandonta a kan tabarma. A nan bakin titi ta faɗa mata. Katakon da Phet ya taka a hawa na sama ne ya karye, ana gab da gama ginin. Bai kai asibiti ba. Wanda ya yi mutuwar haɗari ba a shiga da gawarsa gida, balle a yi doguwar tafiya da ita, don haka a haikalin nan aka ƙona shi. Oudone ya ɗauki mayafin sufaye na 'yan kwanaki don ladan ya isa ga yaron, da niyyar ya tuɓe ya hau mota ya kai labari da bakinsa. Kwanakin suka cika, bai tuɓe ba.

"Ya roƙe ni kar in faɗa miki a waya. Ya ce shi zai je. Kullum sai ya ce wata mai zuwa."

"Kina ta ba ni labarin barkono."

"Yaya..."

"Ina can ina shanya masa gansakuka a kan rufi, ina korar kaji, ke kina ba ni labarin barkono."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwoyinta, ta nufi haikalin.

Sai bayan sufaye sun ci abinci aka bar ta ta gan shi. Yana zaune a kan dandamali a ƙarƙashin rumfa, ita a ƙasa, ƙafafunta a lanƙwashe gefe guda. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tabarma ɗaya ba. Mutumin da ta kwana da shi a gidan sauro ɗaya tun tana budurwa, yanzu ko gefen mayafinsa ba ta da ikon taɓawa. Ta rasa sunan da za ta kira shi da shi. Da ta buɗe baki, abin da ake kiran kowane sufi ne ya fito.

"Khouba, an kwana lafiya?"

"Lafiya. Kin sha hanya."

"Ya sha wuya?"

"Sun ce bai san abin da ya faru ba." Ya gyara mayafinsa a kafaɗa. "Ina ƙasa ina kwaɓa siminti. Na ji waƙar ta tsaya, shi ke nan."

"Ka hana ni ganin fuskarsa."

"Ba fuskar da za a nuna wa uwa ba ce."

"Ni na haife shi. Ni zan ce ko zan iya gani."

Wani sufi na share ganye a tsakar haikalin, ƙarar tsintsiyarsa kaɗai ake ji.

"Ka tuɓe mu tafi gida," in ji ta. "Ruwa ya kusa sauka, ba a gyara kunyoyin gona ba. Uwarka tana zaune a bakin matakala kullum tana duban hanya. Ba zan yi maka gori ba. Mu je mu yi kukan tare, yadda mutane ke yi."

"Na kai tasha sau da yawa, Keo." Sunan ya kuɓuce masa, ya runtse ido. "Da na tuna zan hau matakalar gidanmu ni kaɗai, sai ƙafata ta ƙi. A nan ana buga ganga in tashi, a ce in zauna in zauna. Ba wanda ke tambayata komai. Abin da zan iya ke nan."

"Ni kuma wa zai buga mini ganga?"

Ya kalli tafin hannunsa. Sai ta kwance ƙullin gansakukar. Ba ta da damar miƙa masa hannu da hannu, don haka ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a gabansa, ta ɗora a kai, ya janye.

Ya nuna mata wurin da aka ajiye ƙasusuwan yaron daga nesa, a jikin katangar haikali, inda aka jera ƙananan ramuka aka toshe da siminti. Na Phet yana can ƙasa, sai da ta durƙusa. An manna hoton katin aikinsa, ya murtuke fuska kamar ba shi ba, bakinsa a rufe. Ta tambayi shugaban sufayen ko za a fasa a ba ta ƙasusuwan ta tafi da su. Tsohon ya yi mata magana mai taushi, ya ce a bar yaro ya huta inda ya kwanta, ya ce duk abin da aka haifa mai wucewa ne. Ta sunkuya ta yi godiya, don haka ake yi.

Sengdao ta roƙe ta ta tsaya a yi bikin sabuwar shekara. Ba ta tsaya ba. A tasha ƙanwar ta cusa mata ledar abinci ta taga, tana cewa, "Ki zage ni mana, Yaya, ko sau ɗaya." Bouakeo ta karɓi ledar ta ajiye a ƙasan kujera. Motar ta fita daga birnin yara sun fara watsa wa masu wucewa ruwa a bakin hanya, yadda ake yi a bikin.

Ta isa ƙauye da hantsi. Surukarta na zaune a bakin matakala, tsohuwa tukuf wadda kunnenta ya daɗe da toshewa.

"Ina suke?" in ji tsohuwar, tana leƙen bayanta.

Bouakeo ta durƙusa kusa da ita ta faɗa mata. Tsohuwar ta kara hannu a kunne. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

"Me? Yaushe za su zo?"

Dole ta kai bakinta ga kunnen ta ƙwala da iya ƙarfinta cewa Phet ya mutu, Oudone kuma ba zai dawo ba. Matan da ke sussuka a maƙwabta suka tsaya. Haka ƙauyen ya ji.

Da ruwa ya sauka, maƙwabta suka taya ta dasa rabin gonar, sauran rabin ciyawa ta cinye. Tsohuwar ba ta ga girbi ba. An aika wa Oudone, ya aiko da cewa zai yi mata addu'a daga can.